Daga Kogon Sauru Zuwa Hijir: Bin Wuraren Da Littattafan Sira Suka Ambata

Mun tashi daga Sharamansur a Makka cikin sanyin Janairu, ni da wani dattijon malami mai karantar da Sirar Ibnu Hisham a gidansa bayan Isha'i, da ɗansa wanda ya ja mu. Niyyarmu mu bi wuraren da ake karantawa a sira, mu gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa. Lokacin da ya dace da irin wannan tafiya Disamba zuwa Fabrairu ne. A zafin Yuni, duwatsun nan ba sa taɓuwa da hannu bayan hantsi.

Kafin fita sai an gyara takardu. Kowa da igamarsa, wato takardar zama a Saudiyya, mai rai, ko fasfo da biza ga baƙo, domin tun 2022 an bai wa masu bizar Umara damar zagaya garuruwan ƙasar. In motar ba da sunan direba take ba, mai ita ya yi masa tafwili, wato izinin tuƙa ta, ta manhajar gwamnati ta Absher, don askarawa kan tambaya a shingen bincike. Kada kuma a ɗauki wanda ba shi da takarda don kunya ko zumunci, laifin har direba yake hawa. Littafin da ya fi yi mana amfani shi ne ƙamus ɗin wuraren sira na Atiƙ ɗan Gaisu Al-Biladi, wanda ya taka wuraren da ƙafarsa ya haɗa tsohon suna da na yau. Ba tare da irinsa ba mutum zai sha yawo, saboda sunaye da yawa sun canja: Hudaibiyya yau Shumaisi ce, Marruz-Zahran kuma Wadi Faɗima.

Da dutsen Sauru muka fara, bayan Asuba. Yana kudu da Harami da kimanin kilomita 4, alhali Madina tana arewa. Wanda ya tsaya a gindinsa ya dubi inda rana ke fitowa zai gane dabarar da kansa: a farkon Hijira Ƙuraishawa masu nema sun bazu hanyar arewa, Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar kuwa suna bayansu har kwana uku. Ƙololuwar dutsen ta haura mita 700 daga doron teku, hawansa kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga mai matsakaicin ƙarfi. A tanadi ruwa lita biyu ga kowa, da takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Abinci a sa shi cikin jakar goyo, birai na fizgar leda daga hannu. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa, saboda tsakuwar da ke kan matakala. Malam bai hau ba, ya ce mu je mu gano masa. Akwai allunan hukuma a ƙasa masu tunatarwa cewa hawan ba ibada ba ne, kuma gaskiya suka faɗa.

Kogon kansa ƙarami ne, wani ƙaton dutse ne mai rami a ciki, bakinsa a ƙasa-ƙasa, sai an sunkuya sosai ake shiga. Daga ciki abin da ake gani na wanda ke tsaye a waje ƙafafunsa ne kawai. Maganar Sayyidina Abubakar cewa da ɗayansu ya dubi ƙarƙashin dugadugansa da ya gan su, kwatancin wurin ce daidai, babu ƙari. Wani abin da hawan ke nunawa shi ne aikin Abdullahi ɗan Abubakar mai kawo labari da dare, da Nana Asma'u mai kawo abinci, da Amiru ɗan Fuhaira mai koro tumaki don shafe sawu. A littafi layi biyu ne, a ƙafa kuwa tafiya ce mai fitar da gumi ko a cikin sanyi.

Muka kama hanyar Madina ta Tan'im, muka wuce Sarif inda kabarin Nana Maimuna yake a gefen titi, muka ratsa Jumum. Nan ne Marruz-Zahran, inda rundunar mutum 10,000 ta kwana ta hura wuta a daren da ya gabaci buɗe Makka a shekara ta 8. Kwari ne mai faɗi, duwatsu sun kewaye shi. Usfan tana kimanin kilomita 80 daga Makka, akwai tsohuwar ganuwar Turkawa a kan tudu, ba mu daɗe ba.

Akwai kuskuren da masu ziyara da yawa ke yi a nan. Babban titin Makka zuwa Madina ana kiransa Hanyar Hijira, amma ba sawun Hijira yake bi ba. Jagoran Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ya bi da su ta wajen gaɓar teku, ya tsallaka hanyar ayari a ƙasan Usfan, ya wuce Ƙudaid, sannan ya shiga wasu kwazazzabai da ayari ba ya bi, har suka ɓullo Ƙuba bayan kimanin kwana takwas. Mafi yawan wannan sashen babu kwalta har yau. Sai da mota mai ja da ƙafa huɗu, motoci biyu aƙalla, da ɗan gari mai sanin ƙasar. Ita ma hanyar Badar da muka bi ba ta Hijira ba ce, ta ayarin Sham ce.

A Ƙudaid muka sauka daga kwalta don ganin kwarin da tantin Ummu Ma'abad yake, matar da suka yada zango wurinta a hanyar Hijira. Babu gini, babu alama. Wani makiyayin raƙuma Basudane da muka tarar a gindin ƙaya ya shayar da mu shayi, muka tambaye shi wurin. Ya yi dariya ya ce: “Ya Hajji, kowane mai kawo baƙi da inda yake nunawa. Kwarin dai shi ne wannan.” Malam ya ce wannan amsar ta fi ta masu jagora da yawa ilimi. Daga nan muka riƙe ƙa'ida: dutse da kwari da mashigar ruwa ba sa tashi daga inda suke, su ne abin dogaro. Amma “daidai nan ya zauna” ko “wannan ne sawun taguwarsa”, sai an nemi wanda ya ruwaito. Makiyayin ya gargaɗe mu kada mu ajiye mota a tsakiyar kwari in akwai hadari a kan duwatsun gabas, ko da sama garau take a kanmu, domin ruwan daga nesa yake gangarowa da ƙarfi. Ƙaramar mota kuma ta tsaya inda ƙasa ke da tsakuwa. Tayarmu ta fara nutsewa a yashi, sai da muka rage iska muka ja da baya a hankali. Taka mai da ƙarfi ƙara binne mota yake yi.

Muka karkata yamma zuwa Juhfa, kusa da Rabig. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya haddace cewa ita ce miƙatin mutanen Sham da Masar da Magrib. Yau masallaci ne babba da bandakuna da masu sayar da harami, a fili fetal. Abincin rana a Mastura muka ci, garin da matafiyan tsohuwar hanya suka sani da kifi. Ana zaɓar kifin ɗanye a auna a kilo, a soya, a kawo da shinkafa sayadiyya mai launin ƙasa saboda soyayyar albasa. Mu uku mun biya kusan riyal 150. A tambayi kuɗin kilo kafin a aza a sikeli, kifin najil ya fi sha'ur tsada nesa ba kusa ba. Abwa, inda Nana Amina ta rasu Annabi (SAW) yana ɗan shekara 6, tana gabas da Mastura cikin duwatsu, mun leƙa mun dawo titi.

Badar muka shiga da Magariba, muka kama ɗaki cikin gidajen haya masu kaya a kan riyal 180, aka karɓi igamar kowa aka shigar a kwamfuta. Gari ne madaidaici mai kasuwa da gidajen abinci, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Madina. Da safe, bayan ful da burodin tamis, muka fita da suratul Anfali a buɗe. Aya ta 42 taswira ce: Musulmi a gefen kwari na kusa, Ƙuraishawa a gefe na nesa, ayari kuma yana ƙasa da ku. Gefen kusa shi ne na wajen Madina, na nesa na wajen Makka, bayan tudun yashin da littattafai ke kira Aƙanƙal. “Ƙasa” kuwa ita ce gaɓar teku, wadda ba ta da nisa daga garin ta yamma, inda Abu Sufyan ya karkatar da ayarinsa ya tsira. Wanda ya tsaya a filin ya juya sau ɗaya zai ga ɓangarorin uku.

Yashin wurin ma bayani ne. A gefen Madina laushi gare shi, ƙafa na lumewa, irin wanda yayyafi ke daddaɓewa ya yi daɗin takawa. Abin da aka ruwaito ke nan game da ruwan da ya sauka a daren 17 ga Ramadan, shekara ta 2. Shawarar Hubabu ɗan Munzir ta a matsa a riƙe rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba ita ma ta fito fili, domin mutum kusan 1,000 da dabbobinsu sun yi tafiyar da ta ninka ta Musulmi, kuma babu wani ruwa a kusa. Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, da raƙuma 70 da dawaki biyu, mutum biyu ko uku na karɓa-karɓa a raƙumi ɗaya. Masallacin Arish yana inda ake cewa an kafa wa Annabi (SAW) rumfa, ginin kansa na zamani ne. Maƙabartar shahidai 14 tana da katanga, daga waje ake sallama, sunayensu kuma suna rubuce a wani allo kusa da ita: Muhajirai 6, Ansaru 8. Wani tudu da masu motocin ziyara ke kira dutsen mala'iku, mutane na hawa suna ɗibar yashinsa a gora. Saukar mala'iku a Badar tana cikin Alƙur'ani, ɗibar yashi kuwa babu wanda ya koyar da ita.

Daga Badar titi ya hau ta Wadis-Safra, kwari mai dabino da ƙauyuka, inda Ubaida ɗan Haris ya cika a hanyar komawa saboda raunin da ya samu a mubaraza, wato fito-na-fito kafin a gwabza a Badar. Muka tsaya a rijiyar Rauha, zangon da sira ta ambata a hanyar Badar. Mutane na cika jarkoki, amma ruwan rijiya ne da ba a tace ba, mai raunin ciki ya yi hattara. Kyamarorin Sahir masu kama gudun wuce kima suna nan a kan wannan titi, kuma iyakar gudu na sauka ba zato a mashigar ƙauyuka. Tara ta saƙon waya take zuwa. A shingen shiga Madina askar ya leƙo, ya dubi igama, ya ɗaga mana hannu.

A Madina wani aminin Malam ya sauke mu, dattijo ɗan ƙasa wanda kakansa ya zo daga ƙasar Hausa da ƙafa ta Sudan. Hausarsa ta tsofaffi ce, jikokinsa kuwa sai gaisuwa. Da Malam ya ce za mu kama otal, sai ya ce: “Haba Malam, gidan ɗan'uwanka na nan ka kwana a haya? Ku shigo, yara su kawo gahawa.” Aka kawo da dabinon ajwa, da dare kuma tuwo da miyar kuka, kukar daga kasuwar 'yan Afirka. Wanda ba shi da masauki, otal-otal na kewayen Harami sun fi tsada, a lokacin tafiyarmu na bayan titin zobe kan sauko zuwa riyal 150 ko 200 in ba lokacin cunkoso ba. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, a nema tun kafin a baro gida.

Uhudu ne wurin da ya fi kowane gyara mana karatu. Yana arewa da Masallacin Annabi da kimanin kilomita 5, dutse ne ja mai tsawon kusan kilomita 7 a kwance. A je da sassafe kafin motocin ziyara. Abin mamaki na farko shi ne ƙanƙantar tudun maharba. Mai karatu na zaton wani babban dutse ne, alhali ko kusa bai kai Dala ba, cikin minti biyu ake hawansa, ga shi ƙafafun mutane da ambaliya sun ƙara cinye shi. Amma daga kansa komai a bayyane yake. Musulmi 700, bayan Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da mutum 300, sun ba Uhudu baya sun fuskanci Madina, tudun yana hagunsu. Ƙuraishawa 3,000 suna tsakaninsu da gari. Tsakanin tudun da dutsen akwai fili da kwarin Ƙanat, ita ce kafa ɗaya da doki zai bi ya zagayo ta baya. Maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair ƙofar nan suke tsare. Da mafi yawansu suka sauka, Khalid ɗan Walid bai buƙaci wata doguwar hanya ba, tazarar gajeriya ce ƙwarai a kan doki. Malam ya daɗe a tsaye yana nuna wa ɗansa da sanda, ya ce shekara da shekaru yana kwatanta wa ɗalibai wannan da zane a kan tabarma.

Maƙabartar shahidai 70 tana gaban tudun, da kabarin Sayyidina Hamza a cikin shinge. Kusancinta da kwarin ya sa ruwayar Muwaɗɗa ta zama abin fahimta, wadda ta ce ambaliya ta tone kabarin Amru ɗan Jamuh da Abdullahi ɗan Amru bayan shekara 46 aka same su ba su canja ba. A bayan Uhudu akwai wani ɗan jan tudu mai suna Sauru, shi ne iyakar Haramin Madina ta arewa, kamar yadda dutsen Airu yake ta kudu. Wasu malaman da ba su san ƙasar ba sun ɗauka kuskure ne a hadisin da ya ambaci waɗannan iyakoki, tunda Saurun da suka sani na Makka ne.

A wurin Yaƙin Gwalalo babu gwalalo, tituna da gidaje sun hau kansa tuntuni. Abin da ya rage dutsen Sal'u ne, da ƙananan masallatan da ake kira Sab'u Masajid, waɗanda aka gina daga baya. A hau matakalar Masallacin Fathu a dubi arewa. Tambayar da ɗalibai kan yi, me ya sa aka haƙa ramin ta gefe ɗaya kawai a shekara ta 5, amsarta sai an fita bayan gari. Gabas da yammacin Madina harra ce, filin baƙaƙen duwatsun aman wuta masu kaifi, kudu kuma gonakin dabino da gidaje a cushe. Mun taka harrar a hanyar Haibara, taku ashirin ya isa mutum ya tabbatar doki ba zai yi sukuwa a kanta ba. Arewa ce kaɗai buɗaɗɗiya ga rundunar mutum 10,000, nan Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa, kowane mutum goma aka ba su kamu 40.

Haibara tana kimanin kilomita 170 arewa da Madina, titi mai kyau, baƙin dutse hagu da dama. Sai kwatsam ƙasa ta buɗe, ga dabino kore shar da idanun ruwa a cikin kwari, ga kufan tsohon gari na laka da dutse, ganuwa a kan tsauni a tsakiya. Ganinta ya bayyana dalilin da ya sa yaƙin shekara ta 7 ya ɗauki makonni, ganuwa bayan ganuwa, da dalilin barin mutanenta su ci gaba da noma a raba amfanin gida biyu, hukuncin da littattafan fiƙihu suka gina babin musaƙa a kansa. Wurin yanzu yana hannun hukumar da ke kula da Al'ula, ba kullum yake buɗe ba, kuma ba a kutsawa cikin kufan yadda aka ga dama. A duba shafinsu kafin a taso. A cika tanki a nan, gaba gidajen mai sun yi nisa da juna, Al'ula kuma ta haura kilomita 200.

Al'ula, yankin da sira ke kira Wadil Ƙura, ta fi ko'ina tsada a tafiyar. Ɗakin da ya yi daidai da na Badar sai da muka biya fiye da ninkinsa, sanyin dare kuma ya sa muka nemi ƙarin bargo. Ibnu Baɗuɗa ya bi ta nan da ayarin Sham a 1326, ya kwatanta ta da babban ƙauye mai dabino da ruwa inda alhazai ke yada zango su yi wanki su ajiye rarar guzurinsu. Tsohon garin na nan da gidajen laka kusan 900 manne da juna, sai a shekarun 1980 mutane suka gama tashi daga cikinsa. Lokacin lemo muka tarar, ana sayar da shi a bakin gonaki tare da dabinon barni.

Hijir, wato Mada'in Salih, ƙasar Samudawa da aka halaka, tana kimanin kilomita 22 arewa da garin. Malam ya tsaya a masauki, ya ce hadisin da ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai da kuka ya ishe shi. Malamai sun yi magana a kan wannan, wasu sun hana, wasu sun yarda in don wa'aztuwa ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi kafin ya sayi tikiti. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9, Annabi (SAW) ya rufe fuskarsa ya gaggauta wucewa ta nan, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗiba, aka ba raƙuma ƙullin da aka kwaɓa da shi, in ban da na rijiyar taguwar Annabi Salihu. Mu da muka shiga da ruwanmu muka je.

Ba a shiga da motar kai. Ana sayen tikiti ta intanet, mun biya kusan riyal 100 kowa, bas ɗin hukuma ke ɗauka ya zagaya da mutane kamar awa biyu. Wurin ya shiga jerin UNESCO a 2008, na farko a Saudiyya. Akwai manyan kaburbura 111 da aka sassaƙa a jikin dutse, 94 da ado a fuskarsu. Abin da ya kamata mai karatun tafsiri ya sani shi ne, waɗannan masu adon aikin Nabaɗawa ne, mutanen Petra ta Jodan, kuma rubutun da ke saman ƙofofinsu na ɗauke da sunan mai kabarin da shekarar sassaƙa, mafi yawa a ƙarni na 1 Miladiyya. Samudawan Annabi Salihu sun riga su da nisa. Ƙasar dai ita ce Hijir, a kan haka ruwaya ta tabbata, amma ba kowane rami a dutse ne gidan Samudawa ba. Ƙasrul Farid, kabarin da ke tsaye shi kaɗai, ba a gama shi ba, kuma sawun kurfi a ƙasansa ya nuna daga sama suke fara sassaƙa su gangaro. Tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz, wanda ya isa Madina a 1908, tana cikin shingen wurin.

Komawa ba mu tsaya ko'ina ba sai Madina. Mun kiyaye tuƙin dare tsakanin Al'ula da Madina, saboda raƙuma na hawa titi a inda babu waya, kuma fitila ba ta nuna su sai an zo dab. Duka tafiyar ta kusa kilomita 1,800, man fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18 lita ya ci mana ɗan sama da riyal 300, masauki da abinci suka ci ninkin haka sau da yawa, rabi a Al'ula kaɗai. Wanda ba shi da mota zai iya hawa jirgin ƙasan Haramaini daga tashar Rusaifa, ya isa Madina cikin kamar awa biyu da rabi, ya yi shatar mota zuwa Badar ya dawo a wuni ɗaya. A yi ciniki da direba a kan awannin jira tun kafin a shiga, in ba haka ba minti ashirin zai ba ku a filin ya fara danna ham. Mu dai a Abyar Ali muka yi wanka muka ɗaura harami, muka kamo titin Makka.